Kafin Ki Rubuta "Minista": Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Tunda an mayar da ke teburin fassarar labarai, akwai kalma ɗaya da nake so mu ɗan zauna a kanta, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ki ci karo da ita ba, wato minister. Baƙuwar kalma ba ta cika kayar da mai fassara ba, tunda dole ya buɗe ƙamus. Wadda yake ganin 'yar gida ce ita ke kai shi ƙasa. Hausa ta ari wannan tun kafin a sami 'yancin kai, ta yi mata jam'i irin na mota da motoci, muka ce minista da ministoci, muka kuma raba mata jinsi: ministan lafiya in namiji ne, ministar kuɗi in mace ce. Saboda sabo, hannu yakan rubuta "minista" tun ido bai kai ƙarshen jimla ba. Alhali ma'ana ɗaya tak muka aro. A Turanci ana kiran jami'in gwamnati da ita, ana kiran limamin coci da ita, sunan wani mataki ce a aikin jakadanci, sannan fi'ili ce mai nufin jinya ko hidima.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa. A wurinsu minister bara ne, hadimi, wanda yake tsaye a bayan mai gida yana miƙa abinci da abin sha, ko mai taimaka wa jagoran ibada a ɗakin bautarsu. An gina ta ne daga minus, wato "ƙasa da", aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar -ter da suke sa wa kalma idan ana gwada abu biyu. Ma'anarta ta zahiri ke nan: ƙarami a cikin biyu. Tana da 'yar'uwa da aka ƙera su a maƙera ɗaya, magister, daga magis, "fiye da", wato babba a cikin biyun, malami ko shugaba. Dukkansu sun iso mu ta hanyar Turanci. Daga magister aka sami master da magistrate da mister, su ne mastan da ke cikin hedimasta, da majistaren kotu, da mista. Ashe ke nan a Latin majistare ne babba, minista yaronsa. Yau kuwa ki dubi ayarin motocin minista, ki dubi motar da majistare ke zuwa kotu da ita. Minti na agogo ma danginsu ne, don ma'anarsa ta asali ɗan ƙaramin yanki na awa.

Yadda ƙarami ya zama babba ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san fada. Darajar bara tana bin darajar ubangidansa. Wanda ke riƙe da hatimin sarki, ko makullin baitulmali, ko shi ake bi kafin a ga sarki, ko da ana kiransa bara, manya sai sun rusuna masa. A ƙasar Jamus, daga ƙarni na 11 zuwa na 13, an yi wani rukunin mutane da ake kira ministeriales. Asalinsu ba 'yantattu ba ne, a ƙarƙashin mallakar sarakuna da manyan limaman coci suke. Aka riƙa danƙa musu riƙon ganuwa da gandaye da jagorancin mayaƙa, har jikokinsu suka saje da masu sarauta. Kalmar marshal, ƙololuwar muƙamin soja a ƙasashe da dama, asalinta mai kula da dawaki. Ki tuna Shamaki a fadar Kano: sunan daga shamakin dawaki yake, sarautar ta bayin sarki ce tare da Ɗan Rimi da Sallama, amma a ƙarni na 19 ba hakimin da zai yi wasa da su ya kwana lafiya.

Kalmar ta shiga Turanci ta bakin Faransawa. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kuma zuwa wajen 1300 an fara ganin ta a rubuce-rubucen Turanci, da ma'anar mai hidima a coci da kuma wakilin da ke zartar da umarnin wani. Ma'anar shugaban ma'aikatar gwamnati ba ta kankama ba sai a farkon ƙarni na 17. Wato ma'anar da muka aro ita ce ƙaramar ƙanwa, ta coci ta girme ta nesa ba kusa ba.

Tun wajen shekara ta 112 Miladiyya, Pliny, gwamnan Rumawa a lardin Bithynia da ke cikin Turkiyyar yau, ya rubuta wa Sarki Trajan cewa ya sa an azabtar da wasu kuyangi biyu da Kiristoci ke kira ministrae, don ya ji abin da ake yi a taronsu. Da malamin coci Jerome ya fassara Baibul zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, a wurare da yawa minister ya sa a madadin kalmar Girkanci diakonos, mai hidima. Fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta bi sahu. Sai kuma rabuwar da aka yi da cocin Katolika a ƙarni na 16 ta ƙara wa kalmar nauyi. Mabiya Calvin, ɗaya daga cikin jagororin wannan rabuwa, a Geneva da Scotland sun ƙi kalmar priest, don tana ɗauke da ma'anar mai miƙa hadaya, mai shiga tsakanin mutum da Ubangiji. Suka ce jagoransu mai hidimar wa'azi ne kawai, suka kira shi minister. Shi ya sa har yau kalmar ta fi yawa a bakin 'yan Baftis da Metodis da Firesbiteriyan, su kuwa Katolika suna cewa priest, wanda muke kira fada.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne ban kunya. Duk tarihin Martin Luther King da za ki ɗauka, za ki ga an ce Baptist minister ne. Bai taɓa riƙe ma'aikata ba. Fasto ne, ya fara jagorancin coci a Montgomery a 1954. Gordon Brown, firaministan Birtaniya daga 2007 zuwa 2010, ana yawan cewa son of a minister ne. In kin rubuta "ɗan minista", kin mayar da shi ɗan gidan mulki, alhali mahaifinsa limamin cocin Scotland ne, kuma abin da marubucin yake so a fahimta shi ne ya tashi a gidan tarbiyya da tsantseni. Kin ga an juya labarin gaba ɗaya. Akwai ma wanda ya haɗa biyun: Ian Paisley limamin coci ne shekara da shekaru, sannan ya zama First Minister, shugaban gwamnatin Ireland ta Arewa, daga 2007 zuwa 2008. A labarinsa sai kin auna kowace jimla da kanta. Kada kuma ki ɗauka Kiristoci kaɗai ke amfani da ita. Ƙungiyar Nation of Islam a Amurka tana kiran jagororin masallatanta da wannan suna, da shi aka san Malcolm X, wanda ya karɓi jagorancin na Harlem a 1954, da shi ake kiran Louis Farrakhan.

Abin da za ki rubuta ya danganta da ɗariƙar. Fasto ya fi dacewa da yawancin Furotesta, Rabaran in an naɗa shi kuma haka ake kiransa, fada ga Katolika, "limamin coci" in ba a faɗi ɗariƙa ba. Ki kula da allunan talla na tarukan coci a Jos ko Kaduna: za ki ga an rubuta ministering a saman jerin hotuna, ko guest minister a ƙarƙashin hoton wani. Masu wa'azi ne da mawaƙan da za su yi hidima a taron. Mawaƙan bishara da yawa suna sa Minister a gaban sunansu. Haka nan minister of religion da ake gani a takardun neman biza na Birtaniya malamin addini ake nufi, limami ko fasto, ba ministan harkokin addini ba.

Ma'anarta ta jakadanci ba ta da yawa a labaran yau, amma in ta zo takan ruɗa mutum. A taron Vienna na 1815 ƙasashen Turai suka tsara wakilan diflomasiyya hawa-hawa: jakada a sama, sai manzo mai muƙamin minister, sai mai riƙon ofis. A wancan zamanin manyan dauloli ne kawai ke musayar cikakkun jakadu a tsakaninsu. Sauran ƙasashe minister ake tura musu, cikakken sunansa envoy extraordinary and minister plenipotentiary, wato manzo na musamman da aka ba cikakken iko, ofishinsa kuma legation ake ce masa, ba embassy ba. Amurka ba ta naɗa mai muƙamin ambassador ba sai 1893. Don haka in kin karanta cewa Thomas Jefferson ya zama minister to France daga 1785 zuwa 1789, ko Frederick Douglass ya zama minister a Haiti a 1889, jakada za ki rubuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗaga kusan duk irin waɗannan ofisoshi zuwa cikakkun ofisoshin jakadanci, ko da yake yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta bar matakin a rubuce. Abin da ya rage yau shi ne muƙamin cikin gida: a babban ofishin jakadanci, ƙasa da jakada akwai minister, sai minister-counsellor, sai counsellor, sai sakatarori na ɗaya da na biyu da na uku. In sanarwa ta fito daga ɗaya daga cikinsu, ki ce "wani babban jami'i a ofishin jakadancin ƙasa kaza". Kina cewa minista, mai sauraro zai ɗauka wani ne ya taso daga babban birninsu.

Yanzu ga ma'anar da muka aro. Sarakunan Turai suna kiran masu tafiyar musu da mulki barorinsu, kuma har gobe a dokar Birtaniya sunansu Ministers of the Crown, masu hidimar gadon sarauta. A Faransa an fifita ɗaya a kan saura. Richelieu, wanda shi kansa babban limamin Katolika ne, ya zama babban ministan Sarki Louis na 13 a 1624. Da laƙabin prime minister ya ƙetara Ingila, zagi ne. Ana jifan mutum da shi ne don a ce ya tattare ikon sarki a hannunsa irin na Faransawa. Robert Walpole, wanda ake lissafawa a matsayin firaministan farko, daga 1721 zuwa 1742, ya tashi a majalisa a 1741 ya musanta cewa shi ne wannan abu. Muƙaminsa na hukuma First Lord of the Treasury ne, shugaban baitulmali, kuma shi ne a rubuce har yau a jikin ƙofar gidan firaminista, mai lamba 10 a titin Downing. Laƙabin bai shiga babbar takardar hukuma ba sai a yarjejeniyar Berlin ta 1878 da Disraeli, firaministan lokacin, ya sa wa hannu, wadda ba ita ce ta taron rabon Afirka na 1884 ba, kada ki haɗa su. Sai a 1905 aka ba shi gurbi a jerin manyan ƙasa.

A Birtaniya ministoci hawa uku ne. Na sama Secretary of State, shi ne shugaban ma'aikata kuma ɗan majalisar zartarwa. Na tsakiya Minister of State. Na ƙasa Parliamentary Under-Secretary of State. Gaba ɗayansu sun haura ɗari, amma masu zama a majalisar zartarwa ashirin da 'yan kai ne. Saboda haka in jaridar Landan ta ce wani minister ya yi murabus, kada ki yi saurin kai shi kanun labarai. Sau da yawa na hawa na biyu ne ko na uku. Manyan ba a ma cika kiransu da kalmar ba. Na kuɗi Chancellor of the Exchequer ne, na cikin gida Home Secretary, na waje Foreign Secretary, kuma dukkansu a Hausa ministoci ne cikakku. A al'adarsu dole minista ya kasance ɗan majalisar dokoki, kuma shi ke amsa laifin ma'aikatarsa a gabanta. A kan haka Lord Carrington ya sauka daga ma'aikatar waje a 1982 da Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland. Akwai kuma shadow minister. Na roƙe ki kada in ji "ministan inuwa" a bakinki. Ɗan jam'iyyar adawa ne da aka ɗora wa sa ido a kan wata ma'aikata, ba shi da ofis ba shi da iko. Ki ce "mai magana da yawun 'yan adawa kan harkar lafiya", ko duk harkar da aka ba shi.

Amurka ba ta da ministoci ko ɗaya, sakatarori gare ta, shi ya sa a can in aka ce minister kai tsaye, hankalin kowa coci yake tafiya. Secretary of State nasu shi ne na harkokin waje, mun kuma saba da cewa sakataren harkokin wajen Amurka, ki bar shi haka. Amma jihohinsu ma suna da mai wannan laƙabi, wanda a yawancinsu aikinsa kula da zaɓe da rajistar kamfanoni, ba ruwansa da ƙasashen waje. Secretary of the Interior kuwa filayen gwamnati da gandun daji da al'amuran 'yan asalin ƙasar yake kula da su. In kin ce "ministan cikin gida" kin bar shi haka, mai sauraro zai zaci na shige da fice ne da gidajen yari.

Wurin da nake so ki fi buɗe ido shi ne tsakanin Najeriya da Nijar, don masu sauraronki suna ɓangarorin biyu. A Najeriya Minister of State ƙaramin minista ne, yana ƙarƙashin babban ministan ma'aikata. A tsarin Faransa, wanda Nijar da Chadi da Kamaru suka gada, ministre d'État girmamawa ce da ake yi wa jigo a cikin gwamnati, yana gaba da sauran ministoci a jeri. Mohamed Bazoum da wannan laƙabi ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga 2016 zuwa 2020. Yadda kuskuren ke aukuwa shi ne, kamfanin dillancin labarai ya juya Faransancin zuwa Turanci kalma da kalma, ya rubuta Minister of State, ke kuma ki ɗauka da ma'anar Abuja ki ce ƙaramin minista. Kin sauke mutum daga sama zuwa ƙasa, kuma mutanen Maraɗi da Damagaram za su ji kuskuren nan take. Ki ce "babban minista", ko ki ambaci ma'aikatarsa kawai. Ƙaramin minista a tsarinsu shi ne ministre délégué ko secrétaire d'État. Ki lura da wannan na ƙarshen: laƙabi ɗaya, a Landan shugaban ma'aikata, a Washington ministan waje, a Paris na can ƙasan jeri. Duk labarin da ya fito daga ƙasa mai amfani da Faransanci, ki nemi laƙabin a harshen asali kafin ki yanke.

Shugabannin gwamnatoci ma haka. Chief Minister a Indiya shi ne zaɓaɓɓen shugaban gwamnatin jiha, kamar yadda Narendra Modi ya riƙe Gujarat daga 2001 zuwa 2014. Aikinsa irin na gwamnanmu ne, amma kada ki kira shi gwamna, don jihar tana da wani gwamnan daban da shugaban ƙasa ke naɗawa. "Babban ministan jihar Gujarat" ya wadatar. A Ghana kuma kowane yanki yana da Regional Minister da shugaban ƙasa ke naɗawa, kuma tsarin mulkinsu na 1992 ya ce mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su.

Tarihin kalmar a Najeriya shi ma yana da lanƙwasa, kuma za ki buƙace shi ranar da za ki fassara ta'aziyyar wani dattijo. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ne ya kawo majalisar ministoci, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama ministan ayyuka a 1952, sannan firaminista a 1957. A lokacin jihohi ma ministoci gare su: Jihar Arewa tana da Firimiya, Sardauna Ahmadu Bello, daga 1954, da ministocinsa irin su Makaman Bida a ma'aikatar kuɗi da Isa Kaita a ta ilimi. Don haka "tsohon minista" na wancan zamani sai kin bincika na Kaduna ne ko na Ikko. Da soja suka karɓi mulki aka ajiye laƙabin. Daga 1967 Gowon ya naɗa Federal Commissioners, kwamishinonin tarayya: Awolowo a kuɗi, Malam Aminu Kano a sadarwa, daga baya lafiya. Matsayinsu na minista ne, ba irin kwamishinan jiha na yau ba, kuma in ba ki ƙara "na tarayya" ba kin rage musu girma. Laƙabin minista ya dawo a 1979.

Tsarin mulkin 1999 ya ajiye kalmar kusa da ma'anarta ta Latin fiye da yadda masu riƙe da muƙamin suke so a tuna. Sashe na 5 ya damƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, ya ce yana iya aiwatar da shi da kansa ko ta hannun mataimakinsa da ministoci. Sashe na 148 ya bar masa zaɓin wanda zai ba kowace ma'aikata. Ikon minista aro ne, mai shi yana iya karɓewa da sanarwa ta layi biyu, ko ma ya riƙe ma'aikatar da kansa, kamar yadda Buhari ya riƙe ta man fetur daga 2015 zuwa 2023, ƙaramin minista yana gudanar da aikin yau da kullum. Sashe na 147 ya shimfiɗa matakan naɗi. Shugaban ƙasa ya aika suna, kuma gyaran da aka yi a 2023 ya ba shi kwana 60 daga ranar rantsuwarsa. Majalisar dattawa ta tantance. In kwanakin aiki 21 suka wuce ba ta ba da amsa ba, an ɗauka ta amince. Dole kowace jiha ta sami aƙalla ɗan asalinta ɗaya, shi ya sa ba sa kasa 36. A watan Agustan 2023 an rantsar da 45. Dole mutum ya cika sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar wakilai, in kuwa ɗan majalisa ne, rantsuwarsa ita ce murabus ɗinsa daga kujerar, akasin Birtaniya. Sashe na 149 ya hana shi fara aiki sai ya bayyana kadarorinsa ya yi rantsuwa. Amfanin wannan a gare ki shi ne kowane mataki da sunansa: wanda aka aika sunansa, wanda majalisa ta amince da shi, sannan minista. Kada ki naɗa mutum kafin a rantsar da shi, don an sha ganin sunan da ya maƙale a majalisa.

Za ki iya tambaya me ya sa ba mu ce waziri ba, tunda Larabawa wazir suke cewa, masu Swahili ma waziri, firaministansu waziri mkuu. Ma'anar ta yi kusa ƙwarai. Malaman lugga sun danganta ta da ɗaukar nauyi, kuma a Suratu Ɗaha Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Allah ya sanya masa ɗan'uwansa Haruna waziri. Sai dai a ƙasar Hausa sarauta ta riga gwamnatin zamani kama kalmar, tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. In kin ce waziri, rawani ake gani. Saboda haka labari daga Sudan ko Saudiyya, wazir minista ne, wizara ma'aikata.

'Ya'yan kalmar su ma suna da nasu tarkon. Ministry ma'aikata ce a gwamnati. A bakin Kirista aikin wa'azi ne ko sunan coci sukutum. A littattafan tarihin Birtaniya kuma tana nufin gwamnatin wani firaminista daga hawansa zuwa saukarsa. Administer daga tushen take, kuma abin da ya biyo ta ne ke fassara ta: in magani ne, ba da magani, in rantsuwa ce, rantsarwa, in dukiyar mamaci ce, kula da gado. Administration ɗin shugaba kaza gwamnatinsa ce, administrator da aka naɗa wa ƙaramar hukuma kantoma ne. To minister to the sick jinyar marasa lafiya ce. Mafi wuyar ganewa ita ce ministerial a bakin lauyoyi, musamman na Amurka. Ministerial act aiki ne da doka ta wajabta wa jami'i ya yi ba tare da nasa ra'ayi ba, kamar akawun kotu ya karɓi takarda ya buga mata hatimi. Ba minista a ciki ko kaɗan. Tsohuwar ma'anar bara ce ta tsira a nan. Minster kuma, ta cikin Westminster da York Minster, kama da wane ce kawai. Daga monasterium take, gidan masu zaman ibada, tana nufin babban coci, ba ta da dangantaka da tamu.

In lokaci ya ƙure, edita yana tsaye a kanki, ƙaramar kalmar da ke bin ta ita za ki fara dubawa. In of ce ko for, sannan sunan wani fanni kamar lafiya ko tsaro ya biyo, gwamnati ce. In to ce da sunan ƙasa, jakada ne. In to ce da mutane, kuma kalmar tana aikin fi'ili, hidima ce. In sunan ɗariƙa ya gabace ta, ko kin ga ordained a kusa, coci ne. Bayan nan ki dubi ƙasar da labarin ya fito da shekarar da abin ya faru, don su ne za su gaya miki babba ne ko ƙarami. In duk wannan bai warware ba, ki nemi sunan mutumin a intanet, minti ɗaya ya isa, in kuma ba suna, ki ce "wani jami'i" har ki tabbatar.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ranar Juma'a bayan la'asar. Ki gaishe da abokan aikinki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Wassalam,
Mahaifinki